Aiki a Nguru da Gashuwa, Inji a Kano: Rayuwar Masu Buga Takardu a Arewacin Yobe

Idan uba a Nguru ko Gashuwa ya ce zai kai ɗansa koyon aikin buga takardu, ya kamata a tambaye shi: wanne daga ciki? Abin da ake kira da suna ɗaya a bakin titi, sana'o'i ne da dama suka taru a rumfa guda. Akwai mai zama gaban kwamfuta yana tsara katin biki, akwai mai tsayuwa kan injin fotokofi tun safe har ƙafa ta kumbura, akwai mai yanka da ɗinke littafi, akwai mai buga riguna da hulunan kamfe, akwai kuma wanda ba ya taɓa inji ko ɗaya, nasa karɓo aiki ne ya kai inda za a yi. Kowannensu da irin samunsa, da irin tsufan da ke jiransa. Abin da ya haɗa su a waɗannan garuruwa biyu shi ne, a nan ake ƙulla aikin, amma babban injin da ke cinye tsokar kuɗin yana wani gari, galibi Kano. Wanda bai riƙe wannan ba zai daɗe yana mamakin shagon da ke cike da jama'a kullum, mai shi kuwa shekara da shekaru yana kan babur ɗinsa.

Ba yau aka fara wannan rabon aiki ba. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, ya ratso Ringim da Malam Madori da Birniwa, daga nan kuma bai ƙara gaba ba. Gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu suka riƙa bin sa zuwa yamma. Cikin abin da ke dawowa har da bugaggiyar takarda: rasiɗan kamfanonin saye, takardun haraji da na kotu, littattafan makaranta, daga baya kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, Arewa ta sami maɗaba'ar da ta horar da masu jera haruffa da masu tuƙa inji, amma a Zariya take. Nguru kasuwa ce mai cin takarda, Gashuwa kuma mazaunin Mai Bade da ofisoshin En'e. Dukansu masu saye ne.

Ta ƙofar malamai yankin ya fara shiga harkar da ƙafarsa. Shehu Muhammadu Gibrima, babban malamin Tijjaniyya da ya zauna a Nguru har rasuwarsa a 1975, ya bar wallafe-wallafe masu yawa, akasarinsu salatin Annabi da addu'o'i. Littattafai irin nasa a wancan zamani ba kasafai ake jera su da haruffan ƙarfe ba. Almajirin da ya tashi a kan ƙira'ar Warshu da rubutun allo ba ya sakewa da siraran haruffan bugun Misira. Idonsa ya saba da kaurin alƙalamin Barno da na Kano. Sai masu maɗaba'a suka samo dabara tun wajen shekarun 1950: a sa gwanin marubuci ya rubuta littafin da hannu, shafi bayan shafi, da wasali da komai, a ɗauki hoton shafin a mayar da shi kan faranti, inji ya fitar da dubbai. Da haka aka buga Alƙur'anan hannu irin na Sharif Bala na Kano, da ɗimbin littattafan fiƙihu da waƙoƙin ajami da ake shimfiɗawa a ƙofar masallatan Juma'a. Cikin maɗaba'un da suka yi suna da wannan aiki a Kano har da na Yarabawa, irin su Oluseyi da Adebola.

A wannan tsari, marubucin da ke zaune a zaure da alƙalamin kara ya fi mai inji muhimmanci. Shi ke tsara shafi, shi ke kama kuskure, kyan hannunsa ake saye. Yakan sa sunansa a ƙarshen littafi ya roƙi mai karatu addu'a. Yaron da ke zaune yau gaban CorelDRAW a wani shago kusa da tashar mota, buzun wannan marubuci ya gada, ko ya sani ko bai sani ba. Sai dai shi ba a ganin sunansa. Lambar wayar maigidansa ce a ƙasan fosta.

Tsakanin wancan zamani da yanzu an yi na tafireta da sitansil, lokacin da sakandare ke ji da injin Gestetner mai juyawa da hannu don fitar da takardun jarrabawa, akawu mai buga tafireta kuma mutum ne da ake gaisarwa da ladabi. Ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 ya ja aikin gwamnati zuwa Damaturu, dawowar farar hula a 1999 ta kawo fosta, kwamfuta da ƙaramin janareta kuma suka haifar da shagunan da muke gani yanzu.

To me ya hana a kafa babban inji a nan? Lissafi ne. Bugu iri biyu ne. Akwai na faranti, wanda masu sana'ar ke ce wa ofset: kowace kala da farantinta, hoto mai cikakkiyar kala kuwa guda huɗu ake haɗawa, shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Injin da ya cika ƙananan maɗaba'un Nijeriya, Kord 64 na kamfanin Heidelberg na Jamus, wanda yawanci sai Turai ta gama cin moriyarsa yake isowa, kala ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Takarda sai ta ratsa shi sau huɗu, kowane zagaye sai an wanke, an sauya faranti, an daidaita har kalar baya ta hau kan ta gaba daidai. Kuɗin faranti da na wannan shiri ba sa canzawa, ko kwafi ɗari za a buga ko dubu goma. In aiki ya yi yawa, kowane kwafi sai ya faɗo arha ƙwarai. In ya yi kaɗan, asara ce tun kafin a kunna inji. Ɗaya nau'in shi ne bugu kai tsaye daga kwamfuta, ba faranti ba dogon shiri, kwafi na farko da na dubu kuɗinsu ɗaya. Mai son katin ɗaurin aure ɗari biyu, wannan ne nasa. Ɗan takara mai son fosta dubu ashirin, wancan ne nasa.

Garin da yawancin aikinsa na ɗari biyu ne ba ya iya ciyar da injin dubu ashirin. Kuma inji irin Kord ba ya tsayuwa shi kaɗai. Yana son mai yin faranti kusa, da dilan takarda, da babbar wuƙar yanka, da mai sa ledar sheƙi, da makanikin da zai iso kafin tawada ta bushe a kan abin naɗi. Shi ya sa masu ɗab'i ke cunkushewa a unguwa guda, yadda Shomolu ta zama a Legas. A Kano mutum na iya amsa sunan mai maɗaba'a ba shi da inji ko ɗaya: ya yi faranti a wannan shago, ya buga a wancan, ya yanke a na gaba. A Gashuwa wanda ya yi ƙundunbalar sayen inji sai ya zama shi ne komai, ranar da ɗan ƙaramin ƙarfe ya karye kuma aiki ya tsaya har sai mota ta dawo daga Kano. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ba ta barin kan firinta ya kwana lafiya.

Don haka babban aiki hanya yake bi. A da, mutum da kansa ke tashi, fulashi a aljihu, ya bi ta Haɗeja ko Gumel, fiye da kilomita 200 daga Nguru, daga Gashuwa kuma a ƙara sittin da ɗoriya, ya kwana yana gadin aikinsa a bakin inji kada na wani ya tsallake shi. Yanzu ta WhatsApp ake turawa, a aika kuɗi ta banki, kwali ya biyo motar haya, a kira lambar da ke jikinsa daga tasha. Sauƙi ya samu, ya kuma zo da nasa ciwon. Ba ka ganin kalar da ta fita sai an kwance kwali, in fuskar ɗan takara ta fito kore-kore, ko sunan waliyyin amarya ya ci kuskure, asarar ta mai shagon nan ce, domin shi kwastoma ya sani, shi zai tare a masallaci. Fuska da amana yake sayarwa. Ribarsa ita ce ratar da ke tsakanin farashin Kano da abin da ya caja, wayar da ta hutar da shi tafiya kuma ita ce ke nuna wa kwastoma farashin Kano.

Sana'ar tsani ce, sai dai a nan matakanta na sama ba sa gida. Na ƙasa kuwa kowa ya san shi. Uba ko kawu ke kawo yaro: "Alhaji, ga ɗanka nan, a riƙa mana." A yi addu'a, a shafa, shi ke nan. Ba takarda, ba wa'adi. Sana'ar da ke buga wa kowa takardar yarjejeniya ba ta rubuta tata ba. Yaro zai fara da shara da sayo mai a galan da ja wa janareta igiya, sai fotokofi, sai jera shafuka da ninkewa, sai leda. Kuɗin abinci ake ba shi da ɗan na sabulu, da ɗinkin Sallah in maigidan mai kirki ne. Inda ake rabuwa tsakanin mai wucewa da mai tsayawa shi ne kwamfuta. A shago mai kwamfuta ɗaya, wadda aiki ke kanta tun hantsi, yaushe yaro zai ɗora mata hannu? Sai da dare, in an rage mai a janareta. Wasu masu gidan kuma da gangan suke jan ƙafa, don sun san ranar da yaro ya iya tsara fosta, ranar zai fara cigiyar shago a tsallaken titi, da kwastomomin da ya sani a nan. Ban ga laifin tsoronsu gaba ɗaya ba. Amma a Kudu, inda Yarabawa ke ƙayyade shekarun koyo su yi bikin yaye da takardar shaida, Ibo kuma su sallami yaro da jari, kowa ya san ranar rabuwa tun ranar haɗuwa. Wannan ya fi kashe gaba a kan namu na "ai gida ne", wanda sau da yawa yakan ƙare da yaro ya daina zuwa ba sallama, maigida kuma ya daina amsa gaisuwarsa.

Wanda ya tsallake ya zama mai dizain, shi ne ɗan gatan shago na ɗan lokaci. Wani albashi yake karɓa, wani kuma a kan kowane aiki ake yanka masa nasa. In ya tara ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, ya sami 'yanci: ya tsara a ɗakinsa, ya kai a buga masa a kowane shago. Ta wannan ƙofa ce mata suka fi shigowa. Da ma su ne da yawa a teburin buga rubutu a shagunan kusa da makarantu, yanzu kuma matar aure na iya tsara katin gayyata da sitikar kayan rabon biki daga tsakar gidanta, ta kuma fi kowane namiji sanin abin da ƙawayen amarya ke so. Matsalar ita ce ƙofar ba ta da ƙyaure. Manhajojin waya irin su Canva da PixelLab sun sa kowane ɗalibi ya zama mai dizain, farashi ya zube, katin da a da ake buga ɗari biyar yanzu ana buga hamsin na manyan baƙi, sauran a watsa hotonsa a waya. Kuɗin tsarawa ma wasu kwastomomin ba sa ɗaukarsa kuɗi; a ganinsu takarda suka saya, zaman awa biyu da aka yi ana sauya musu kalar rubutu kyauta ne.

Matakin da ya fi ƙarancin mutane shi ne na mai tuƙa inji da mai gyara. Ƙwararren ofareta na ofset, wanda zai dubi takarda ya ce ruwa ya fi tawada yawa, ba a nan ake ƙera shi ba. Sai yaro ya tafi Kano ko Kaduna ya yi shekaru a gindin inji, in ya iya kuma ba abin da zai dawo da shi, don injin yana can. Abin da ya sauko garuruwa irin namu shi ne faffaɗan injin buga ƙyallen roba na talla, fileks, mafi yawansu ƙirar Sin, da manyan injunan fotokofi na hannu masu buga kala. Su ma suna da ciwonsu: kan da ke fesa tawada na toshewa, ganga na cinyewa, allon lantarki na ƙonewa in janareta ya yi tsalle. Mai gyaran da ya san cikinsu ana biyan kuɗin motarsa daga nesa, a sauke shi, a ciyar da shi, a biya abin da ya faɗa. Da ni ke da yaro mai son sana'ar, kuma ina da zaɓi, nan zan tura shi, ya haɗa da sanin aikin sola da inbata, domin shago bayan shago can suke komawa. Mai shago na iya karyewa. Injin da ya bari wani zai saya, kuma shi ma zai lalace.

Karatun takarda akwai shi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ta Yaba a Legas suna koyar da fasahar ɗab'i har zuwa difloma, akwai kuma cibiyar ƙwararrun masu ɗab'i ta ƙasa, CIPPON, wadda doka ta kafa a 2007 don yi wa masu sana'ar rajista. Ga yaron shago a garuruwan nan duk wannan labarin wata duniya ce. Takardar difloma tana amfani ga mai neman aiki a maɗaba'ar gwamnati ko babban kamfani. Kwastoman bakin titi samfuri yake tambaya.

Sai maganar ina aikin yake fitowa, don shekarar mai buga takardu tana da damina da rani nata. Makarantu ne gishirin kullum. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta haɗu da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman ta sauya kasuwar garin: takardun darasi, fom ɗin rajista, katin shaida, sai kundin binciken kammala karatu da ake bugawa kwafi-kwafi a yi masa bango mai kauri da rubutun zinare. A Nguru akwai kwalejin shari'a da ilimin addini, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da katunanta da fom-fom nata. Tun da JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, rajista da fitar da silif suka zama wata kaka ta daban. Amma wanda ya kafa shagonsa a ƙofar makaranta ya ɗaura cikinsa da kalandarta. An gani a 2020 da annobar korona ta rufe makarantu, an sake gani a 2022 da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ba ɗalibi, ba fotokofi, kuɗin hayar shago kuwa bai tafi yajin aiki ba.

Bayan makarantu sai biki, wanda ke yawaita bayan kaka da gabanin azumi, sai Maulidi da kalandun shehunnai da ƙyallayen zawiyoyi, sai walimar sauka da shahadar Islamiyya, sai ƙananan ayyukan da ba sa yankewa: littafin rasiɗi, hatimi, takardar burodi, katin sakamakon ɗalibai. Waɗannan ba sa sa mutum gina gida, su ne dai ke hana tukunya sanyi.

Siyasa ita ce kakar da kowa ke jira, ita ce kuma ke karya mutane. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba da kwana 150 na yaƙin neman zaɓe, kafin nan ma ga fid da gwani, inda kowane mai sha'awa sai ya manna fuskarsa a bango kafin a ɗauke shi da muhimmanci. A 'yan watannin nan shago kan ga kuɗin da bai gani ba a shekara uku. Sai dai mazaɓar Yobe ta Arewa da kanta ta nuna yadda abin yake caca. A Mayun 2022 Bashir Sheriff Machina ya ci fid da gwanin APC na kujerar sanata. Jam'iyya ta miƙa sunan Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa, shugaban Majalisar Dattawa na lokacin. Babbar Kotun Tarayya a Damaturu ta ba Machina a Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a Nuwamba, Kotun Ƙoli kuma ta ba Lawan ranar 6 ga Fabrairun 2023, saura kwana 19 zaɓe. Ba shari'ar ce a gabana ba. Abin dubawa shi ne, wata takwas da ɗoriya ba wanda zai rantse a kan hoton da zai tsaya, fostar da aka buga da fuskar da ta faɗi kuwa ko mai ƙosai sai ya yi ciniki kafin ya karɓa. A daidai waɗannan makonni ne kuma sauyin takardun naira ya ƙafar da tsabar kuɗi a hannun jama'a.

Aikin siyasa ba kasafai yake zuwa daga hannun ɗan takara ba. Wani na kusa da shi ne ke karɓa, ya cire nasa, ya miƙa wa wani, shi ma ya cire, kafin ya iso shago ya rame. A ba da kafin alƙalami, a ce ragowar "in an rantsar". In an faɗi, ba mai ɗaga waya. In an ci, sai ka nemi ganin mai girma ta hannun mutanen da suka ci la'adarka. Aikin ofis ma haka yake da ɗan bambanci: takardar oda a hannu, biya kuwa sai an sami kuɗi. Tsofaffin hannu sun san ƙa'ida, kuɗin takarda da faranti a gaba, ladan aiki ne kaɗai ake bari bashi. Sabon mai shago, da ɗokin a ce shi ne ke yi wa Honorabul aiki, shi ke cin bashin takarda a Kano da sunansa.

Takardar nan kuwa dala ce a ninke. Nijeriya ta gina masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, kafin shekarun 1990 su ƙare duk sun durƙushe, har yau kuma mafi yawan farar takardar bugu daga waje take zuwa, haka tawada da faranti da garin tona da ƙyallen fileks. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Da aka saki naira a Yuni, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai shagon Nguru ya sha duka biyun, ya ƙara da kuɗin motar da ta kawo masa kayan. Manomi da ɗan kasuwar da ke kawo masa aiki kuwa ba su ga dalilin da fotokofin shafi ɗaya zai ninka ba. Sai a shiga rage nauyin takarda, a cika tsohon kwanson tona da gari mai arha, aiki ya fita dishi-dishi, kwastoma ya ce yaran yanzu ba su iya ba.

Game da haƙƙin ma'aikaci, doka ma ta tsallake su. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, fanshon dole kuma daga ma'aikata 15 yake farawa. Shago mai mutum huɗu ba ya cikin lissafi. Akwai tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a 2019, amma adashi ya fi shi farin jini. Jiki kuwa yana biyan nasa haraji: warin tawadar fileks a ɗaki mai taga ɗaya, fetur da ake wanke hannu da inji da shi, hayaƙin janareta a bakin ƙofa, wuƙar yanka da ba ta san yatsa daga takarda ba, ido da ke kan allon kwamfuta har tsakar dare a daren da za a kai aiki. Ga jarrabawar da ke shigowa da murmushi: a ɗan gyara kwanan wata a wannan takarda, a yi hatimi irin na wancan ofishi, a kwafe littafin makaranta dubu a sa masa bango irin na asali. Kuɗinsu ya fi na halal kauri, ranar tonon asiri kuma kwamfutar shago ake ɗauka da yaron da ke kanta.

Akwai abu guda da Kano ba za ta iya ƙwacewa ba, kuma shi ne aka fi sakaci da shi: sanin harshe da mutane. Yankin nan na Badawa ne da Mangawa da Hausawa da Fulani, rubutunsa na boko ne da na Larabci. Mai dizain da ya san inda ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ suke a kwamfutarsa, wanda ya san cewa Larabci na iya wargajewa in an liƙa shi a manhajar da ba a saita ba, haruffa su rabu ko layi ya juya baya, wanda zai ce wa ango, "Malam, a bar ayar nan, katin a ƙasa zai ƙare," wanda ya san sarautar da ke gaba da wata a jerin manyan baƙi, wannan ba a maye gurbinsa da waya. Kuskure a sunan hakimi ko a aya ba ya gyaruwa da ragin farashi. An kuma taɓa nuna cewa aiki mai wuyar haruffa na yiwuwa a cikin jihar. A 2004, aikin binciken harsunan Yobe da marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta tare da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri ya fitar da ƙamusoshin Bade da Ngizim da Bolewa da Karai-Karai da Ngamo, na Bade har biyu, ɗaya na karin Gashuwa ɗaya na yamma, da alamomin karin sauti da baƙaƙen da babu su a Turanci. A Potiskum aka fitar da su.

Wani fagen da ke nan a buɗe shi ne kayan da yankin ke fitarwa. Shinkafar fadamun Kogin Yobe, busasshen kifi, tattasai da barkono, kilishi, yawancinsu a buhun da ba suna suke barin gari, ko a buhun da ke ɗauke da sunan wani kamfani na wani wuri. Bugun sikirin, wanda ake yi da firam na katako da raga da roba ta shafa tawada, ba ya son jari mai yawa, ba ya jiran wuta, da rana ma ana iya gasa hoton a kan raga. Da shi ake buga buhu da riga da jakar makaranta, kuma buhu kaya ne mai cika mota, kai shi Kano a dawo da shi ba riba. Sitikar kwalba da ta roba ma ƙaramin injin kala na iya fitar da su a shago, in mai kayan ya sami lambar NAFDAC da zai sa. Ledar ruwan sha da ta burodi mai zuwa a naɗe ce dai har yanzu sai manyan garuruwa, domin injinta wani iri ne daban, kuma da kilo ake karɓar odarta.